Sakandaren 'yan mata a kan baƙar laka: da me za mu fara?

Baban Sumayya, kudu da Sinnar:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan uwa, shawara ce ta kawo ni, musamman wurin waɗanda suka taɓa yin gini a ƙasa irin tamu.

Ni malamin firamare ne, shekara 19 ke nan ina riƙe da alli, kuma ni jama'a suka ɗora wa rubutu a kwamitin da muka kafa don gina sakandare, wadda a nan muke ce wa sanawi. Garinmu na bakin kogin Shuɗin Nilu ne a Sudan, tsakanin Mai Wurno da Sinja. Kakanninmu suna cikin waɗanda suka yo gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, makarantar allo kuwa ba mu taɓa rasa ta ba tun daga wancan zamani. Firamare muna da ita. Da aka dawo da tsarin shekara 6 da 3 da 3 muka samu ta tsakiya ma. Daga nan hanya ta ƙare. Yaro namiji ya hau mota ko keke ya tafi wani gari, yarinya kuma sai in iyayenta suna da wanda za su ba riƙo.

Bara 'yan mata 41 suka gama ta tsakiya a wurinmu. Ni na rubuta sunayensu, don haka na sani: 9 ne suka ci gaba. Tawa Sumayya tana cikin taran, tana hannun gwaggonta a Sinnar, sai wata ya zagayo nake ganinta. Tun da yaƙi ya iso jihar nan a 2024, da muka watse muka dawo, babu uban da yake son 'yarsa ta kwana nesa da shi, ni ma ban ga laifin kowa ba. Ƙanwarta saura shekara biyu ta gama, mahaifiyarsu ta riga ta ce ba za ta ba da biyu ba.

Wani dattijo ya ba mu gonarsa ta dawa, fadan 5 a ma'aunin gona na nan, yamma da gari. Matsalar ita ce baƙar laka ce. Da rani tana dabbarewa har ƙafar akuya ta shige, da damina kuma ko tarakta sai an yi da gaske. Firamaren da nake koyarwa a irin ƙasar take, akwai ajin da ta tsagar bango kana hango yaran ajin gaba.

Abin da ke hannu: alkawarin buhunan riɗi bayan girbi, da abin da 'ya'yanmu na Jidda da Makka suke turowa, da ƙarfin matasa, don sun ce za su yi gayya. Maginin garinmu ya lissafa, ya ce kuɗin zai yi aji 6 in an yi harsashi irin wanda muka saba, ko aji 3 in an sa rodi da ginshiƙai. Dattawa sun ce a fara da katanga da ƙofa. Matasa sun ce aji 6, a gama a huta. Ni dai ba zan ɓoye muku ba, zuciyata tana wurin aji 6, saboda ina ƙirga shekarun yaran nan ne, kowace damina da ta wuce wasu ake ɗaura wa aure. Amma duk safiya ina ganin tsagar nan ta ajina. Ku taimaka mana da abin da kuka sani, Allah ya saka.

Usta na Gadarif:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya ba da ladan wannan niyya. Na haura shekara 30 ina gini a Gadarif, kuma kusan duk aikina a kan lakar nan na yi shi, don haka ka yi haƙuri zan tsawaita.

Ka cire aji 6 daga ranka. Ƙasar nan kamar wake ce: ka jiƙa ta kumbura, ta bushe ta tsuke. Kowace shekara sai ta ɗaga ginin ta sauke shi, kuma ba ta ɗagawa daidai, gefen da ruwan indararo ke zuba ya fi tashi, tsakiyar ɗaki yana nan a bushe. Shi ya sa tsagar take fita a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa. Je ka duba ta ajinka, na tabbata haka take. Abin da mutane ba su gane ba shi ne ƙaramin gini ya fi shan wuya. Bene mai hawa huɗu yana da nauyin danne ta, aji ɗaya mai rufin kwano kuwa ba shi da shi. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta Jami'ar Khartoum ta daɗe tana nazarin wannan ƙasa, injiniyoyinmu sun san ta sarai, ba sabon ciwo ba ne.

Kafin ku sayi ko bulo ɗaya, ku haƙa ramuka huɗu ko biyar a wurare daban-daban na filin, kowanne kamar mita 3. Wannan aikin gayya ne, kuɗin shayi kawai zai ci. Fadan 5 murabba'in mita 21,000 ne, da wuya a ce duk ƙasa iri ɗaya ce. In kun dace da gefen da yake azaza, jar ƙasar nan mai tsakuwa, to ku kai azuzuwa can, ku bar lakar ta zama filin wasa da lambu. Ku tambayi mai gonar, manomi ya fi kowa sanin inda ƙasarsa take canzawa. Bayan nan ku ɗauko injiniya ya ga ramukan da idonsa, a ɗibi ƙasa a gwada. Kuɗin da za ku ba shi bai kai na gyaran bango ɗaya ba.

In duk laka ce, hanya biyu muke bi. Ta farko a huda ƙasa a zuba ginshiƙan kankare su wuce zurfin da ruwan damina ke kaiwa, a ɗora bim, wato dogon kankaren da bango zai hau, a kansu, a bar rata tsakanin bim ɗin da ƙasa don in ta kumbura ta samu wurin zuwa. Ratar nan ita ce sirrin, kuma ita leburori suke cikewa da ƙasa don su ga aiki ya yi kyau, sai ka tsaya a kai. Ta biyu a kwashe lakar a zuba burji, hawa-hawa, kowane hawa kamar santimita 20, a yayyafa ruwa a daddaɓe kafin a ƙara. Wadda za ta dace da ku, da zurfin da za a kai, injiniya ne zai faɗa bayan gwaji, kada ku karɓi lamba daga bakin wanda bai ga ramin ba, ko da ni ne. Daɓen ciki ma kada a manne shi da bango, in ya tashi ya tashi shi kaɗai.

Sai ruwa. Ku yi daɓe mai gangara zagaye da ginin, faɗin mita ɗaya da rabi, ruwan kwano kuma a tare shi da indararo ya shiga tanki. Famfo da randuna da wurin alwala su yi nesa da bango. Darbejiya tana da inuwa mai daɗi, amma saiwarta tana tsotse ruwan ƙasan harsashi ta gefe ɗaya, don haka a dasa ta nesa, gwargwadon tsawon da za ta yi in ta girma. Na taɓa rushe ajin da ni na gina shi da hannuna, bayan shekara 7, saboda na bari an dasa itace a jikinsa an kuma kafa randuna a gindin bango. Har yau in na bi ta wurin ba na ɗaga kai.

Tsawon ginin ya miƙe gabas da yamma, tagogi su kalli kudu da arewa. Iskarmu daga arewa take zuwa da rani da hunturu, da damina ta juyo daga kudu, ga shi kuma rana ba za ta riƙa dukan allo ba. Aji mita 8 da 6, bango ya kusa mita 4, a sa silin, a bar ƙananan kafofi a sama zafi ya riƙa fita. Wanda ya zauna ƙarƙashin kwano tsirara a watan Afrilu ya san me nake nufi.

Katanga kuwa, ku ba dattawa haƙuri. Ita ce mafi rashin nauyi, ita ce ta farkon faɗuwa a laka, kuma zagaye fadan 5 ya kusa mita 600. Bulon da za ta ci ya isa azuzuwa. Ku yi shingen waya da ƙaya tukuna.

Ku zana dukan makarantar a takarda tun yanzu, har da abin da sai bayan shekara goma za a gina, don kada gobe a rasa inda za a sa ɗakin gwaje-gwaje. Ku fara haƙa a Nuwamba in hanya ta bushe, rufi ya hau kafin Yuni. Matasan gayya su haƙa, su ɗebo yashi, su miƙa bulo, su riƙa ba kankare ruwa safe da yamma aƙalla kwana 7. Ɗaurin rodi da awon siminti a bar wa mai sana'a.

Ummu Khalid:

Salamu alaikum. Baba Usta ya yi magana a kan ƙasa, ba ni da abin ƙarawa. Amma a kan katanga, Baba, ka yi mini afuwa, ban bi ka ba.

Na koyar da kimiyyar sinadarai a sakandaren 'yan mata a Wad Madani shekara 14. Da garin ya faɗi a yaƙin nan a Disamban 2023 muka gudu, na zauna wata 8 da 'ya'yana a cikin aji, a wata makaranta da aka sauke mu. Don haka na san makaranta ta fuskar malama, na kuma san ta ta fuskar wadda ta kwana a ciki. A wata takwas ɗin nan ban taɓa damuwa da fentin bango ba. Banɗaki da ruwa su ne suka hana mu barci.

Malam, ka ce 'yan mata 9 cikin 41. In ka gina azuzuwa masu kyau a tsakiyar fili, samari suna wucewa a kan babur suna leƙe, uban da ya hana 'yarsa zuwa Sinnar ba zai bar ta ta zo nan ba ma. Dattawanku sun san mutanensu. Ba sai an zagaye fadan 5 ba. A katange ɗan wurin da azuzuwa da banɗakuna suke, katangar da ta wuce kan mutum, a yi mata gaɓoɓi yadda in ƙasa ta motsa ba za ta ja juna ba, sauran filin a yi masa ƙaya kamar yadda Baba ya ce.

Banɗaki: ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2009 don makarantu irin namu ita ce ɗaya ga kowace yarinya 25, da na malamai mata daban, ruwa kuma lita 5 ga kowane mutum a rana, wannan na sha da wanke hannu ne kawai. In kuna sa ran yara 120, banɗaki 5 ke nan da na malamai, da ruwa lita 600 ko fiye kullum. A sa ƙofa mai sakata ta ciki, a sa wurin wanka ɗaya. Yarinyar da ta balaga, in babu wannan, duk wata sai ta yi kwana huɗu ko biyar a gida, ba kuma za ta faɗa wa malami namiji dalili ba. Na ga masu ƙoƙari da yawa sun zame ta wannan hanya. Ramin kuma a gina shi da jan bulo tun daga ƙasa, don a laka yana ruftawa da damina, a nisanta shi da rijiya aƙalla mita 30.

Wani abu da na ga babu wanda ya lissafa: shekarar farko aji ɗaya tak kuke buƙata, ko biyu. Ta biyu ku ƙara. A shekara ta uku ne ake raba su, masu kimiyya da masu adabi, a nan za ku buƙaci ɗaki na huɗu, ko da ƙarami ne. Ke nan aji 6 a yau ɗakuna ne da za su zauna a rufe, ƙasa tana cinsu. Lokaci yana tare da ku fiye da yadda kake tsoro.

Abin da ba zai jira ba shi ne masaukin malamai, mez ɗin nan. Sakandare ba firamare ba ce da malami ɗaya zai riƙe aji. Kuna buƙatar mai lissafi, mai Turanci, mai Larabci, mai kimiyya, kuma yawancin waɗanda za a turo muku mata ne daga wasu garuruwa. Ni kaina an taɓa tura ni wani ƙauye, na yi sati uku ina kwana a ofis a kan tabarma, na nemi canji. Ɗaki biyu da tsakar gida da banɗaki sun isa su riƙe muku malama shekaru.

Kuma ku je ofishin ilimi na mahaliyya, wato ƙaramar hukuma, da ma'aikatar jiha tun kafin haƙa, ku nemi izinin buɗewa a rubuce, ku tambayi sharuɗɗansu na gini. Makarantar da ba ta cikin lissafinsu ba za a turo mata malami ba, yaranta kuma za su sha wuya wurin rajistar shahada, wato jarrabawar gama sakandare. Ɗalibaina na 2023 sai ƙarshen Disamban 2024 suka zauna jarrabawarsu, wasu ma ba su samu zama ba. Kada takarda ta ƙara wa naku jinkiri.

Alhaji na Jidda:

Malam barka da ƙoƙari. Ni tela ne a Jidda, haifaffen gabar Nilu kamar ku, gini ba fagena ba ne. Abu uku zan faɗa, don mu ma mun yi irin wannan a garinmu.

Takardar fili. Dattijon nan, Allah ya ƙara masa lafiya, a sa ya rubuta kyautar tun yana da rai, 'ya'yansa maza da mata su sa hannu, a kai hukumar filaye a mayar da sunan makaranta. Mu mun dogara da shaidar baki a masallaci. Mai filin ya rasu, wani cikin magada da ba ya gari ya dawo ya ce bai ji ba bai gani ba, aikinmu ya tsaya shekara biyu, bulo yana narkewa a ruwa.

Kada ku ajiye kuɗi. Kun fi ni sanin yadda darajar jine, kuɗinmu na Sudan, ke zubewa. Ranar da kuka sayar da riɗi, ranar ku sayi rodi da kwano da ƙofofi, waɗannan ba sa lalacewa in an adana su. Siminti kam a saye shi daf da aiki, in ya yi wata uku a ajiye ya fara rasa ƙarfi, in ya sha danshi kuma ya zama dutse.

Na uku, ku gargaɗi yaranku da ke nan Saudiyya kada wani ya buɗe asusu ya ce yana tara taimako. Dokar ƙasar nan ta hana tara gudummawa ba da izini ba, kuma ba a wasa da ita. Kowa ya aika nasa ga iyayensa ta hanyar da aka halatta, su su miƙa wa kwamiti a ba su rasiɗi. Ku kuma duk ƙarshen wata ku sa hoton aikin da lissafin abin da ya shiga da wanda ya fita a WhatsApp. Mai ɗinki har ƙarfe biyun dare, in ya ga bango ya tashi taku ɗaya, wata mai zuwa zai ƙara.

Baban Sumayya:

Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan mahaifa. Na yi jinkirin amsa ne don sai da na karanta wa kwamiti duk abin da kuka rubuta, ranar Juma'a bayan an sauko.

Usta, da na kai wurin tambayar manomi, dattijon ya ce ai kusurwar arewa maso gabas ba ta taɓa yi masa dawar kirki ba, fartanya ma tsalle take yi. Washegari matasa suka haƙa ramuka biyar. Huɗu laka ce har ƙasa. Na biyar, a wannan kusurwa, bayan kamu uku sai ga jar ƙasa da tsakuwa. Wurin bai kai fadan ɗaya ba, amma zai ɗauki azuzuwa da mez. Mun rufe ramukan da ƙaya, injiniya zai zo daga Sinnar sati mai zuwa. Na kuma duba tsagar ajina, daga kusurwar taga ta fita, kuma randunan yara suna gindin bangon tun shekarar da na zo. Jiya na sa an ɗauke su.

Malama, maganarki ta aji na huɗu ita ta kwance rigimar, matasa suka yi shiru suna ƙirge da yatsa. An tsaya a kan aji 2 da ofis, banɗaki 4, mez mai ɗaki biyu, da katanga iya wannan kusurwa. Na ji ciwon sauka daga 6 zuwa 2, ba zan ce ban ji ba, amma ƙanwar Sumayya aji ɗaya take buƙata ta zauna. Mun kuma saka mata biyu a kwamitin, da babu ko ɗaya, kuma da kunya nake faɗa. Alhaji, 'ya'yan dattijo 7 ne, 5 sun sa hannu, biyu suna Kasala, an aika musu.

Saura tambaya ɗaya, Usta. Matasa suna son ɗebo yashi daga bakin kogi da amalanken jakuna, don kyauta ne. Ya halatta a zuba kankare da shi?

Usta na Gadarif:

Madalla da jar ƙasa, Malam. Amma injiniya ya ƙara haƙa a kusurwoyin ginin huɗu, kada rabin aji ya hau azaza rabi ya hau laka, wannan ya fi duka muni.

Yashin bakin Shuɗin Nilu sau da yawa yana haɗe da taɓon da kogi ke kawowa daga Habasha. Taɓon nan shi ke yi mana jan bulo mai kyau, amma yana kashe siminti. Ka samu kwalba mai haske, ka zuba yashin zuwa rabi, ka cika da ruwa da ɗan gishiri, ka girgiza sosai, ka ajiye awa uku. Yashi zai kwanta ƙasa, taɓo ya hau kansa. In yashin ya kai santimita 10, taɓon kuma ya wuce rabin santimita da ɗan kaɗan, kada ya shiga kankare sai an wanke shi. Ku gwada daga wurare uku, har da khor, wato rafin, da ya fi kusa da ku, yashin rafi yakan fi tsabta da kaushi. Ka sa hoton kwalaben a nan in gani kafin a ɗaura wa jakuna amalanke.